Sawu a Ƙarƙashin Kwano

Ranar Asabar da hantsi 'yan matan ajin safe suka tarar da ƙofar kwantenar da aka mayar ajin kwamfuta a wangale. Kwaɗon yana rataye lafiya lau, ba a fasa shi ba. Tebura na nan, kujeru na nan, wayoyin caji suna reto, amma kwamfutocin da kamfanin waya ya kawo wa ƙauyen Ain Sudaira don koyar da yara babu ko ɗaya. Kafin rana ta take duk ƙauyen ya hallara. Kowa ya ja ya tsaya nesa da ƙofar, don a nan ko yaro ya san ba a tattake wurin da aka yi ɓarna sai Awwad ya zo.

Awwad ɗan Furaij shi ne mai bin sawun ƙabilar. Raƙumi ya ɓata shi ake kira, baƙo ya ɓace a tsakanin duwatsun Sina shi ake kira. Mutum ne mai jin kansa a kan sana'arsa, ba ya gaggawa, kuma yana son a yi shiru a jira shi. Ran nan ma haka ya taho, yana tafe yana gyara rawani. Da ya durƙusa a bakin ƙofar sai ya ga abin da bai yi fatan gani ba.

Sawun takalmin kambas ne, a tafinsa akwai da'irori irin na tambarin kamfanin. Takalmi irin wannan guda ne tak a ƙauyen. Kamfanin ne ya ba Musallam, ɗan Awwad na fari, lokacin da aka kai shi Alƙahira aka horar da shi ya dawo yana koyarwa. Makullin ma a hannunsa yake.

Awwad ya daɗe a durƙushe. Yana neman yadda zai ce iska ta ɓata sawun, sai ya ji numfashin mutum a ƙeyarsa. Hulayyil direba ne, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu.

"Haba Abu Musallam, wannan ai ba ya bukatar gwani! Ko akuyata ta san takalmin malamin kwamfuta."

Idanu suka koma kan Musallam. Yaron tun yana ƙarami in tsoro ya kama shi in'ina ce ke sarƙe masa harshe.

"Ba... Ba... Baba, wal... wallahi..."

Iyakar abin da ya iya fitarwa ke nan. Mutane suka kalli juna, domin a idon mai zargi in'ina da rashin gaskiya 'yan uwan juna ne.

*

Da azahar aka zauna a rumfar Shehi Jumai'an, shugaban ƙabilar. Injiniya Nermin, wadda kamfanin ya ɗora wa kula da cibiyar, ta iso daga Suwez fuskarta duk ƙura.

"Ya Shehi, ni ba na zargin kowa," in ji ta. "Amma in kayan nan ba su fito ba, dole in rubuta wa hukuma, kuma manyana za su ɗauke kwantenar su kai wani gari. Na sha wuya kafin su yarda a kawo ta nan."

"'Yata, ba ma miƙa ɗanmu ga baƙo," in ji Shehi. "Muna da tamu shari'ar. Jibi Litinin za a kai Musallam bisha'a."

"Mece ce kuma bisha'a?"

Ba wanda ya so ya amsa, sai Hulayyil. "Cokalin soya gahawa ake sawa a wuta har ya yi jawur, Injiniya. Wanda ake zargi ya lasa. In harshe ya fito lafiya, an wanke shi. In ya tashi, to kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

Injiniyar ta dafe ƙirji. "Harshensa? Wannan ai hauka ne!"

Subayyil, yayan Awwad kuma babban gidansu, shi ya tanka daga inda yake kishingiɗe yana jan carbi. Muryarsa a kwance take.

"Ba hauka ba ne, baiwar Allah. Wuta ba ta cin mai gaskiya. Ɗan ƙanena zai lasa ya dawo da fuskarsa fara tas. Ni ko gezau ban ji ba."

Awwad kuwa ya ji. Ya taɓa raka wani makiyayi wurin mai bisha'a, mutumin da shi da kansa ya san bai saci raƙumar da ake zarginsa da ita ba. Tsoro ya busar wa bawan Allah da baki, ya lasa, harshen ya tashi. Bayan an kore shi daga ƙabila aka ga raƙumar a mace cikin wani kwazazzabo. Tun ran nan Awwad ya san cewa yawu ne ke ceton mutum daga ƙarfen, kuma ya san bakin ɗansa. In harshen Musallam ya ƙone, ɓarawo ne har abada, ba mai ba shi 'ya, ba mai cin abinci akushi ɗaya da shi.

"Ku ba ni zuwa Litinin," in ji shi.

"Mun ba ka," in ji Shehi. "Amma ka sani, uba ba ya shaidar ɗansa. Abin da ka gano sai idonmu ya gani."

*

Awwad ya bi sawun. Daga ƙofa ya zaga bayan kwantenar, inda aka ɗaure jaki aka yi masa lodi, daga nan ya gangara rafin da ya ƙafe, ya hau kan falalen dutse, shi ke nan ya ɓace. Wanda ya yi wannan ya san inda ƙasa ke magana da inda take yin shiru. Takun ya fi na Musallam gajarta, amma mai ɗauke da kaya dama takunsa gajere ne, kuma ba wanda zai saurari wannan daga bakin uba.

A gefen kwantenar akwai shatin tayar mota, sabo. Awwad ya ji wani sanyi a ransa. Ya sami Hulayyil a ƙarƙashin motarsa yana ɗaure wani abu da waya.

"Me ya kai tayarka jikin kwantena daren Juma'a?"

"Tayata? Tayoyi nawa ne a duniya?"

"Mai faci biyu a hagu guda ce. Fito ka dube ni."

Hulayyil ya fito yana sosa ƙeya. "To, tunda ka kama ni. Kullum a nan nake fakawa, intanet ɗinsu yana fitowa ta taga, kyauta. Ƙwallo nake kallo, ana tashi wasa na tafi, ban ga kowa ba. Ka rufa mini asiri, matata ta ɗauka lodi nake zuwa. Yanzu don Allah, ni da nake shan rijiyar, ni zan cike ta da ƙasa?"

Awwad ya duba. Sawun direban bai sauka daga motar ba, sai tarin ɓawon irin kankana a daidai tagarsa. Awwad ya juya ya tafi.

Bukkar tsohuwa Fadda ce mafi kusa da wurin. Ya same ta tana binne burodi a cikin toka.

"Inna, kin ji wani motsi?"

"Ni da kunnena ya tafi ya bar ni? Zauna ka ci burodi, fuskarka kamar ta gawa." Ta kaɗe hannu. "Mutane na cewa 'yan kamfanin ne suka sace kayansu da kansu. Shirme! Ruwa dai ba ya tsami banza. Tun ranar da suka dire akwatin ƙarfen nan ba su sha gahawar mai ƙasa ba na san za a rina. Ko turken waya aka kafa a jejin nan, sai an ɗauki mai gadi daga gidan masu filin. Su kuwa suka ce wai na kowa ne, ba ya bukatar gadi, kwaɗo ya isa. Filin wa aka taka?"

"Filin gidanmu ne, Inna. Kuma ɗanmu suka ɗauka aiki."

"Ɗan ƙane suka ɗauka. Babban gida fa?"

Awwad ya miƙe a fusace. "Tsufa ya fara taɓa ki."

"Ya daɗe da taɓa ni. Ɗauki burodinka."

Bai ɗauka ba.

*

Da la'asar ya shiga gida. Matarsa Sabha ta nuna masa bayan garken awaki da haɓa, idanunta sun kumbura. Ya leƙa. Musallam ne tsugune da cokalin shayi a hannu, yana ɗora shi a harshe yana cirewa, yana ɗorawa yana cirewa. Cokalin sanyi ƙalau, gwajin lasar bisha'a yake yi.

"Tofa yawu in gani," in ji Awwad.

Musallam ya tattara bakinsa ya yi ƙoƙari. Ba abin da ya fito.

Awwad ya zauna a kan dutse. Tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba, ko ranar da ya taka kusa da tsohuwar nakiya.

"Ina kake ajiye takalmin?"

"A ba... bakin ƙofa, inda kowa ke ajiyewa. Da safe na same shi a nan."

"Makullin fa?"

"A ƙusa, ɗakin baƙi. Shi ma yana nan." Ya haɗiye abin da babu. "Baba, yara sun kusa gama shafin intanet na sayar da saƙar matan nan. Duk ai... aikinsu yana ciki. Ni zan sace?"

"Wa ya shigo ɗakin baƙi ran Juma'a?"

"Ba kowa. Sai Baffa Subayyil da ya zo shan shayi kamar kullum."

Awwad ya ce masa ya ajiye cokalin ya je ya ci abinci.

*

Lahadi da sassafe ya koma kwantenar shi kaɗai. Jiya bai shiga ciki ba, don an shimfiɗe ɗakin da darduma, darduma kuwa ba ta riƙe sawu. Yau ya rasa inda zai duba, sai ya nufi ƙofar. Ya saɓule takalminsa na dama, ya ɗaga ƙafa zai saɓule na hagu, sai ya tsaya cak.

Ba wanda ya ce ya cire. Ƙafarsa ce ta yi da kanta, domin ba ɗan ƙabilar nan da zai taka shimfiɗa da takalmi, ko da gidan maƙiyinsa ne.

Ya sake duban bakin ƙofar. Ga su nan kuwa, jiya tsoro ya rufe masa ido: shatin kambas biyu a jere, kafaɗa da kafaɗa, yadda takalmi ke zama in an tuɓe shi an bar shi yana jira. Ɓarawon ya shiga ba takalmi.

Ƙofar nan ta ciki take buɗewa, tun jiya tana manne da bango. Awwad ya jawo ta a hankali. A bayanta dardumar ba ta kai ba, kuma iska ta tara lallausan rairayi ta ƙarƙashin ƙofa. Mutumin ya tsaya a nan ya tura ƙofar don kada a hango shi. Ƙafar hagu ce, tsirara, ta fito raɗau. Babban yatsa ya hau kan na kusa da shi, a dunduniya kuma ga tabon lalas, zagaye kamar kwabo.

Da a ce baƙuwar ƙafa ce da ya yi kabbara. Amma wannan ƙafar ita ya fara karantawa a duniya. Ubansu ya rasu Awwad bai fi shekara shida ba, Subayyil ne ya goya shi, ya ciyar da shi, ya yi masa aure. Shi ne yake wucewa gaba a cikin rairayi ya ɓuya, ya ce ƙanen ya nemo shi, in ya kasa ba abincin rana.

A nan durƙushe ya gane dalilin takalmin. Yayansa bai sa shi don ya ɗaure Musallam ba. Ya sa shi ne don ya ɗaure bakin mai bin sawu: Awwad zai ga sawun ɗansa, ya ce iska ta share, magana ta mutu. Abin da tsohon bai lissafa ba shi ne tambarin da ke tafin, wanda ko Hulayyil zai karanta.

Hurawa ɗaya da baki ta isa ta shafe sawun. Awwad ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa rairayin. Sai ya tuna cokalin shayi. Ya miƙa hannu ya ɗauko kwanon da yara ke wanke kofuna, ya kife a kan sawun, ya ɗora dutse.

*

Subayyil ya tarbe shi da fara'a, ya zuba masa gahawa. Awwad ya karɓi ɗan kofin ya ajiye a ƙasa. A wurinsu wannan magana ce: baƙo yana da bukata, ba zai sha ba sai an biya masa.

"Sha gahawarka, ƙanena. Me kake so?"

"Yaya, ka hana a kai Musallam."

"Shehi ya yanke, ni wa?"

"Kai ne babba. Ko wane ne ya ɗauki kayan nan, in ka yi magana zai dawo da su kafin gobe. A tsince su a bakin rafi, ba wanda zai tambaya."

Subayyil ya ci gaba da jan carbinsa. "Su tsinci kansu? A'a. Bari 'yan birni su ɗan ji a jikinsu tukuna. In sun zo sun zauna a shimfiɗar nan sun roƙa yadda ake roƙo, sai a taya su nema."

"Yaron bakinsa a bushe yake, Yaya. Ko yawu ba ya iya tofarwa. Zai ƙone."

"Subhanallahi! Imaninka ne ya yi rauni? Kakanninmu da wutar nan suka rayu, ba ta taɓa cin mai gaskiya ba. Ni na fi kowa sanin yaron nan ba shi da laifi."

Ya faɗe ta da zuciya ɗaya, kuma wannan ne ya fi tsorata Awwad. Da mugunta ce da an roƙe ta. Mutumin ya yarda ne har cikin ɓargonsa, zai raka ɗan ƙanensa bakin wuta yana murmushi.

Awwad ya tashi ya bar gahawar tana hucewa. Daga nan gidan Shehi ya nufa, ya ɗauke shi da dattawa biyu, ya kai su kwantenar ya ɗaga musu kwanon. Bai faɗi sunan kowa ba.

*

Litinin da safe motar da za ta kai Musallam wurin mai bisha'a tana tsaye a ƙofar rumfar Shehi. An aika wa duk wanda aka ambata a zancen, da manyan gidaje. A bakin rumfar, daidai inda ake tuɓe takalmi, Awwad ya tankaɗe rairayi ya baje shi sumul da reshen dabino. Ba hanyar hawa shimfiɗa sai ta kansa.

Hulayyil ya fara takawa. "Ku duba da kyau, ƙafar nan ban da totur ba abin da ta taɓa dannewa." Ba wanda ya yi dariya. Dattawan suka duba, suka girgiza kai, Awwad ya share. Injiniya Nermin ta cire nata ba a tambaye ta ba. Musallam ya taka. Yatsunsa a miƙe suke, dunduniyarsa ba tabo. Shehi ya dube shi ya ce ya zauna kusa da shi.

Subayyil ne ya zo ƙarshe, yadda manya ke yi. Ya yi sallama, ya kai hannu ga takalminsa, sai idonsa ya sauka a kan rairayin. Ya daɗe yana kallonsa. Awwad yana tsugune a gefe da reshen dabino, ya kasa ɗaga kai.

"A ina na bar sawun?" in ji Subayyil a hankali.

"Bayan ƙofa, Yaya."

Tsohon ya yi ɗan murmushi mai ɗaci. "Shimfiɗa ce. Ban ma san na tuɓe ba."

Ya cire takalmin, ya ɗora ƙafar hagu a tsakiyar rairayin, ya danna da dukan nauyinsa, sannan ya ɗaga. Dattawan ba su ko sunkuya ba.

"Kayanku suna kogon da ke bayan tsohuwar rijiya," ya ce wa injiniyar. "Na naɗe su da barguna, ƙura ba ta taɓa su ba. Ni ba ɓarawo ba ne. Kun kafa ɗaki a ƙasar ubana ba ku yi mini sallama ba, yara suna nuna ni suna cewa ga wanda kwaɗo ya maye gurbinsa."

"Ya Hajji, da ka faɗa mini..." in ji ta.

"Mai ƙasa ba ya roƙon gadi, 'yata. Kawo masa ake yi." Ya juya ga Musallam. "Kai kuma ɗana, wallahi da ba abin da zai same ka."

Musallam ya buɗe baki zai amsa. Leɓɓansa sun tsattsage, harshensa fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ko harafi ɗaya bai fito ba. Subayyil ya tsaya yana kallon bakin nan, carbin ya daina motsi a hannunsa.

Shehi Jumai'an ya gyara murya. Shari'a ba ta cika sai mai bin sawu ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, kuma kowa ya san wanda aka ambata haka ba ya ƙara zama a sahun masu yanke magana.

"Abu Musallam, sawun wa ke ƙarƙashin kwanon?"

Awwad ya ji nasa bakin ya bushe ƙamas. Ya dubi motar da ke jira, ya dubi ɗansa.

"Na Subayyil ɗan Furaij ne. Yayana."

"A sallami motar," in ji Shehi.

Subayyil ya sunkuya ya ɗauki takalminsa a hannu, bai sa ba. Ya tsaya a kan ƙanensa.

"Ka karanta daidai, ban koyar da banza ba," ya ce. "Amma ku shaida, jama'a. Ran da na ɓata a jeji, kada wanda ya kira Awwad."

Ya juya ya fita cikin rana ba takalmi.